Cacar Sukuwa: Wa Ke Hawa, Wa Ake Hawa?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatun da suka saba yi bayan sallar Isha'i. Malamin da ya gabatar da shi ya yi shi ne a matsayin amsa ga wata takarda da wani matashi ya miƙo ba tare da ya sa sunansa ba, inda yake tambaya cewa, idan mutum bai dogara da sa'a ba, sai da ya yi bincike, ya san doki, ya san mahayi, ya san fili, kana ya zuba kuɗinsa, shin wannan ma caca ce, ko kuwa ilimi ne irin na ɗan kasuwar da ya san lokacin da hatsi zai tashi? A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S.A.W), Malam ya fara da cewa ya ji daɗin tambayar, domin mai ita bai ɓoye abin da ke ransa ba, kuma ya tabbata ba shi kaɗai ba ne a zauren. Ya ce da ya ga dama da ya karanta aya guda ya tashi, tun da babu wanda bai san hukuncin caca ba a cikin waɗanda ke zaune. To amma wanda Shaiɗan ya shigo masa ta ƙofar lissafi, ta ƙofar lissafin ya kamata a bi a fitar masa da shi. Don haka ya nemi 'yan uwa su yi haƙuri, daren nan za a yi ta ambaton sunayen Turawa da na dawakinsu.

Kafin nan sai da ya wanke doki. Ya ce shi doki ba shi da laifi, sukuwa ma ba ta da laifi. Ya zo a Bukhari daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Waɗanda aka horar, wato aka ciyar da su har suka yi ƙiba sannan aka rage musu abinci aka lulluɓe su suka yi gumi naman ya ɗaure, su an sake su ne daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Ya ce ku duba, har rabon aji an yi, ba a haɗa horarre da wanda ba horarre ba. Saboda haka ba maganar kilisa ko hawan sallah ko sukuwar da matasa ke yi a bayan gari ake yi ba. Ana maganar mutumin da bai taɓa riƙe linzami ba, bai san kuɗin damin harawa ba, amma ya ɗauki kuɗin cefanen gidansu ya ɗora a kan dokin da ke gudu a wata ƙasa.

Malam ya ce wannan nau'in ba namu ba ne, kawo mana shi aka yi. A Ingila ya girma, inda aka halatta buɗe shagunan caca a kan titi ran 1 ga Mayun 1961, bayan an daɗe ana yi a ɓoye. Turawan mulkin mallaka kuma duk inda suka yada zango sai sun share filin sukuwa. Filin da aka sauke tutar Ingila a Legas a 1960 filin sukuwa ne, shi ne yanzu Dandalin Tafawa Ɓalewa, a Kano ma har gobe akwai wurin da ake kira Filin Sukuwa. Faransa kuwa tata hanyar daban. A shekarun 1860 wani mai suna Joseph Oller ya ƙirƙiro tsarin tara kuɗin 'yan caca a tukunya guda, a 1930 aka kafa PMU don mutum ya iya zubawa daga cikin gari ba sai ya je fili ba, a 1954 André Carrus ya fito da cacar zaɓen dawaki uku na farko, a 1989 aka ƙaro ta biyar. Wannan ita ce ta ƙetaro zuwa ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki. A Nijar hukumar LONANI ke sayar da tikitinta, a Kamaru akwai PMUC. Sai ka ga magidanci a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ya duƙufa a kan takarda da biro tun hantsi, yana nazarin dawakin da za su yi gudu a Vincennes ko Longchamp a birnin Paris. A wannan ɓangaren na iyaka kuma wayar hannu ce ta shigo da ita har cikin ɗaki.

Daga nan sai ya ce kafin a taɓa kowace dabara, sai an fahimci yadda mai gidan caca ke cin abincinsa, domin wanda bai gane wannan ba duk sauran bayanin ba zai amfane shi ba.

Ya ce a ɗauka dawaki biyu ne za su yi tsere, ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa Naira 100 ya ci, a ba shi 200. Mai gidan caca ba zai ba da 200 ba, 190 zai rubuta. Mutum goma sun bi wannan, goma sun bi wancan, ya tara 2,000. Ko wanne doki ya ci, 1,900 zai biya, 100 ta zauna a aljihunsa tun dawakin ba su bar turke ba. Shi ba ruwansa da wanda zai ci, ba ya ma kallon tseren da zuciya. Wannan tsarin Ingila ke nan. Na Faransa ya ma fi fitowa fili: a tara kuɗin kowa, a yanke rabon kamfani da na gwamnati da na masu shirya tsere, abin da ya rage a raba wa waɗanda suka dace. A can Faransa abin da ake yankewa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu.

Ya ce to a biyo shi a hankali. Mutum dubu, kowa ya sa dubu, an tara miliyan ɗaya. An yanke 250,000, an raba 750,000. Gobe su wa za su dawo? Su ne dai, da kuɗin da aka raba musu. A sake yankewa, saura 562,500. Idan aka juya kuɗin nan sau 5, abin da zai rage a hannun mutum dubun nan gaba ɗayansu bai kai 240,000 ba. Idan aka juya sau 10, bai kai 60,000 ba. Ba wanda ya fasa musu gida, ba wanda ya tare su a hanya, kowa da ƙafarsa ya kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka, in ji Malam, tambayar da ɗan caca ke yi wa kansa, wai wane doki ne zai ci, tun asali ba ita ce tambayar ba. Ko ka san dokin da ya fi, sai in farashin da aka ba ka a kansa ya fi ƙarfin haɗarin faɗuwarsa, har ya rufe abin da aka yanke, sannan za a ce ka yi riba. Su kuwa masu sa farashin aikinsu ke nan dare da rana, da ma'aikata da na'urori.

Sai ya shiga dabarun. Ya ce mafi sauƙinsu ita ce bin dokin da jama'a suka fi yarda da shi. Mai wannan hanyar yana da 'yar hujja, domin an daɗe da lura cewa irin wannan dokin yana cin kimanin tsere ɗaya a cikin uku. Amma ma'anar wannan ita ce yana faɗuwa sau biyu a cikin uku, kuma da yake kowa shi ya bi, kuɗin da ake biya a kansa kaɗan ne. Ka sa ɗari sau uku, ka ci sau ɗaya, a miƙo maka abin da bai kai ɗari ukun ba, ka tafi gida kana murna wai ka ci. Irin wannan ba ya mutuwa farat ɗaya, jininsa ne ke ɗiga a hankali.

Sai masu nazarin tarihin doki, waɗanda Malam ya ce da alama mai tambaya a cikinsu yake, don haka a nan zai daɗe. Su waɗannan suna duba layin lambobin da ke gaban sunan doki, wanda ke nuna matsayin da ya zo a tserensa na baya, abin da Faransawa ke kira kiɗan doki. Suna duba nisan tseren, ko dokin ɗan gajeren zango ne ko mai dogon numfashi. Suna duba ƙasa, ko busasshiya ce ko an yi ruwa ta yi laushi, domin wani dokin sai a taɓo yake tashi. Suna duba nauyin da aka ɗora masa, da shekarunsa, da kwana nawa ya yi yana hutu, da layin da zai tashi, a tseren amalanke har da ko an cire masa ƙarfen kofato. Malam ya ce ba zai zalunce su ba, duk waɗannan abubuwa gaskiya ne suna da tasiri a gudun doki. Matsalar ita ce, takardar da kake dubawa, mutum dubu nawa ke duba irinta a wannan safiyar? Abin da ka gani sun gani, sun bi dokin, farashinsa ya faɗi. Ilimin da kowa ke da shi ba ya ba ka fifiko a kan kowa.

Ya kawo misalin wani ɗan jaridar Amurka, Andrew Beyer, wanda ya fitar da littafi a 1975 yana bayanin yadda ake auna saurin kowane doki da lamba guda, bayan an yi la'akari da yanayin filin ranar. A lokacin da 'yan kaɗan ne ke zama su yi wannan lissafin da hannu, sun ɗan sha romo. A 1992 jaridar 'yan sukuwa ta Amurka ta fara buga lambobin nan kowa ya gani. Daga ranar lambar ta zama kayan kowa, romon ya tsinke. Duk dabarar da ta isa hannunka a rumfar mai sayar da tikiti, in ji shi, ta riga ta tsufa.

Daɗin daɗawa, akwai abin da da yawa ba su sani ba. Yawancin tseren da ake zaɓa don cacar dawaki biyar, tsere ne mai dawaki da yawa, kuma sau da yawa irin wanda ake daidaita ƙarfi ne, wato wanda ya fi gudu a ƙara masa nauyi, ko a tseren amalanke a ja shi baya, da nufin a ce duka su iso tare. Ma'ana akwai ma'aikacin da ake biya albashi don ya rushe duk fifikon da kai ka kwana kana nema. Sai Malam ya sa wani ɗalibi ya fito da na'urar lissafi. Idan dawaki 18 ne, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 4,896 ne. Idan biyar na farko ne, 1,028,160. Ya ce miliyan ɗaya da ɗoriya, kai kuma da biro da rabin takarda. (Dariya).

Kuma ko an ce ka yi daidai a komai, doki dabba ne mai rai. A 1956, a babban tseren tsallake shinge na Grand National da ake yi a Aintree ta Ingila, dokin mahaifiyar Sarauniya mai suna Devon Loch ya tsallake duk shingayen, ya ba sauran rata, saura kamar yadi 40 ya kai, sai kawai ya yi tsalle ya faɗi rub da ciki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Har yau ana gardamar dalili. A 1967 a wannan tseren dai, wani dokin da ya ka da mahayinsa ya gitta gaban sauran a shinge na 23, suka cakuɗe, wasu suka faɗi wasu suka tsaya. Wani mai suna Foinavon, wanda aka sa wa farashin 100 a kan 1 don ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, yana can baya sosai har mahayinsa ya samu sararin kaucewa, ya wuce ya ci. Mai dokin ma bai je filin ba ranar. Malam ya tambaya, a wane layi na takardar aka rubuta wannan?

Ya ce ba ma sai an je Ingila ba. Taguwar Manzon Allah (S.A.W), Adba'u, ba a taɓa tsere mata ba, sai ga wani Balaraben ƙauye da ɗan saurayin raƙuminsa ya wuce ta, har abin ya yi wa Sahabbai nauyi, Manzo ya sanar da su cewa sunnar Allah ce duk abin da ya ɗaukaka a duniya wata rana sai ya sauko.

Sai dai kuma irin labarin Foinavon shi ke haifar da wasu 'yan cacar, masu farautar dokin da aka raina don a biya su da yawa. Su ne ke yawo da labarin Rich Strike, wanda aka saya Dala 30,000, ya samu shiga tseren Kentucky Derby na 2022 ana gobe za a yi saboda wani ya janye, ya kuma ci a farashin 80 a kan 1. Malam ya ce abin da ya sa ake ba da labarin shi ne don ba a saba gani ba. Tun 1949 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Griffith, ya nuna cewa mutane suna zuba wa irin waɗannan dawaki kuɗi fiye da yadda suka cancanta, binciken da aka yi ta yi bayansa kuma ya tabbatar da haka. Wato a cikin masu asara, mai farautar babban ci shi ya fi kowa asara.

Masu bin mahayi ko mai horarwa kuwa bai daɗe a kansu ba. Ya ce suna da ranarsu guda da suke taƙama da ita, 28 ga Satumban 1996, da Frankie Dettori ya ci duka tsere bakwai na ranar a filin Ascot, gidajen caca suka yi asarar miliyoyin Fam. To shekara nawa ke nan? Gidajen cacar suna nan, sun ma ƙara ƙiba. Sunan babban mahayi kansa rage farashin doki yake yi.

Inda Malam ya ɗaga murya shi ne kan masu sayar da hasashe, waɗanda da a takarda suke bugawa, yanzu kuma sun koma WhatsApp da Telegram, suna cewa a biya su a ba da tabbataccen doki. Ya ce a 2008 wani mai wasan rufa ido a Ingila, Derren Brown, ya tona yadda ake wannan a talabijin. Wata mata ta riƙa samun saƙo cewa doki kaza zai ci, kuma ya ci, sau biyar a jere. Ta sakankance, har ta tattaro Fam 4,000, ciki har da rance, don ta zuba a na gaba. Ashe mutum 7,776 ya fara aika wa saƙo. Tsere mai dawaki shida, ya raba su gida shida, kowane gida ya ba su doki daban. Dole gida ɗaya ya dace, saura 1,296. Ya sake raba su, saura 216, sai 36, sai 6, sai mutum ɗaya. Ita a wurinta ta haɗu da mai gani har hanji, alhali ita ce kawai ragowar da ba a zubar ba. Sauran dubu bakwai da ɗari bakwai da ɗoriya ba wanda ya ji labarinsu. Malam ya ce hotunan tikitin cin da ake turo muku haka suke, ba wanda ke ɗaukar hoton wanda ya faɗi. Kuma a yi wa kai tambaya guda: mutumin da ya san dokin da zai ci gobe, me zai yi da 'yar dubu biyunka?

Akwai kuma masu cewa su ba ruwansu da sanin doki, dabararsu a kuɗi take: in ka faɗi ka ninka, ranar da ka ci ka mai da duka. Ya ce a lissafa. Ka fara da 100, ka faɗi sau 10 a jere, abin da ke faruwa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ka zubar da 102,300, kuma sai ka nemo 102,400 ka sa a na gaba. Garin neman gira a rasa ido. Ya ce yawancin waɗanda suka taɓa kuɗin uban gidansu ko kuɗin makaranta ta wannan ƙofar suka shiga, ba don su ɓarayi ba ne tun farko, sai don suna ganin saura ƙiris su mai da.

Wasu kuma sai su ce ai akwai na ciki, waɗanda suka san abin da aka ƙulla a barga. Malam ya ce ƙwarai ana ƙullawa. A 1984 a Brisbane ta Ostireliya wasu suka musanya wani rarraunan doki mai suna Fine Cotton da wani da ya fi shi, suka shafa masa rinin gashi, suka yi masa farin fenti a ƙafa don su yi kama. Ya ci, amma fentin na zuba, aka gane, aka soke, duk wanda ya bi shi ya yi asara. A 2021 Medina Spirit ya ci Kentucky Derby, daga baya aka samu wani magani a jininsa da doka ta hana ranar tsere, a Fabrairun 2022 aka ƙwace aka ba wanda ya zo na biyu. Waɗanda suka zuba kuɗi a kan na biyun nan, gidan caca bai kira su ya biya su ba. To idan an ƙulla, kai da ke Kano ko Maraɗi a wane ɓangare kake, cikin masu ƙullawa ko cikin waɗanda aka ƙulla dominsu?

Ya ce don kada wani ya fita ya ce Malam ya ɓoye, akwai waɗanda suka ci da lissafi, amma a duba su wane ne. Wani Ba'amurke, Bill Benter, ya tafi Hong Kong a shekarun 1980, ya shafe shekaru yana gina tsarin kwamfuta mai auna abubuwa fiye da ɗari a kan kowane doki. Da farko ma yawancin jarinsa ya narke. Daga baya ya tara abin da mujallar Bloomberg ta ƙiyasta a 2018 da kusan Dala biliyan ɗaya. To daga ina kuɗin suka fito? Ba daga aljihun masu filin ba, su sun riga sun yanki nasu. Daga tukunyar nan ne, kuɗin direban tasi da mai wankin kwano da ɗan fansho. Wato samuwar irinsa ba albishir ba ne ga ƙaramin ɗan caca, ƙarin baki ne a kan akushinsa. A tsarin Ingila kuwa, sananne ne cewa wanda aka ga yana yawan ci sai kamfani ya taƙaita abin da zai iya zubawa ko ya rufe masa asusu. Wanda ke faɗuwa shi ake aika wa saƙon garaɓasa.

Abin da ya ce ya fi ba shi tausayi shi ne dawakin kwamfuta da ake nunawa a allon shagunan caca da wayoyi, tsere duk bayan 'yan mintoci. Babu doki, babu mahayi, babu fili, zane ne kawai, na'ura ce ke fitar da lamba bisa tsarin da ya riga ya ware rabon kamfani. Amma sai ka ga saurayi da littafi yana rubuta wai lamba huɗu ta daɗe ba ta ci ba, lokacinta ya yi. Ana ga doki kana ga ƙura, in ji Malam, to nan ko ƙurar ma babu.

Ƙarshen hanyar kuma, idan lissafi ya ƙi, sai a koma mafarki da lambar motar da aka gani da safe, daga nan sai zauren boka da ɗan duba. Ya tunatar da abin da ya zo a Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. An fara da cewa ilimi ne ba sa'a ba, an ƙare a gaban mai zane a ƙasa.

Sannan ya dawo kan ɗan kasuwar hatsi. Ya ce wanda ya sayi buhun gero da kaka, manomi ya karɓi kuɗi ya yi biyan buƙata, shi ya karɓi gero. In farashi ya faɗi, geronsa na nan, ko iyalinsa sa ci. Shi kuwa ɗan caca me ya saya? Ba ya samun ko kwabo sai wani ya rasa, kuma ba abin da ya ƙaru a duniya tsakaninsu. Wannan shi ne cin dukiya da ɓarna da aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Ƙwarewa ba ta canza wannan, kamar yadda gwanintar ɗan karta ba ta mai da karta ciniki. Ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun jera caca tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, suka kuma faɗi abin da take haifarwa, gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Ya ce duk wanda ya taɓa tsayawa sahu zuciyarsa na kan sakamakon ƙarfe uku ya san tafsirin wannan ba sai an yi masa ba.

Ga masu cewa ai hukuma ce ke yi, kuma ana ayyukan jama'a da ribar, Malam ya ce cacar Jahiliyya ma haka take. Raƙumi ake yankawa, a kaɗa kibau goma, bakwai masu rabo uku babu, waɗanda suka tashi a babu su biya kuɗin raƙumin, naman kuma sau da yawa talakawa ake ba, har ana alfahari da hakan. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musa cewa akwai ɗan amfani ba, amma ta ce zunubin ya rinjaye shi.

Game da kyautar tsere kuwa, ya ce hadisin Abu Huraira ya halatta ta a harbi da tseren raƙuma da na dawaki, domin kayan shirin kare kai ne. Idan shugaba ko wani daban ya sa kyautar, babu saɓani. Idan mahayan ne da kansu kowa ya sa, nan malamai suka yi maganganu, wanda ya karanta ƙarshen Risala ya ga yadda aka kawo ra'ayin Sa'idu ɗan Musayyib na shigo da mahayi na uku da bai sa komai ba, da kuma yadda Imam Malik ya ƙi wannan. Amma duk wannan tsakanin mahaya ne. 'Yan kallo su yi ta zuba kuɗi a kan wanda zai ci, wannan ba malamin da ya halatta.

A lokacin tambayoyi wani ya ce, to wanda ya riga ya ci kuma kuɗin na hannunsa fa? Malam ya ce idan ya san wanda ya ci wa, ya mayar masa. Idan irin ta tukunya ce da ba a san masu ita ba, ya fitar da ita ga mabuƙata ko wata maslahar jama'a da niyyar rabuwa da ita, ba da niyyar ya yi sadaka ba, kuma kada ya mai wa gidan cacar. Wani ya tambayi hukuncin mai aiki a irin waɗannan shaguna. Ya ce ya fara neman wani aikin tun gobe, 'yan uwa masu sana'a kuma su buɗe masa ƙofa maimakon gori.

Tambaya ta ƙarshe a rubuce ta zo, ita ma ba suna: wanda ya taɓa kuɗin da aka ba shi amana, yana jiran ya ci ya mayar, yaya zai yi? Malam ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce adadin da ake binsa yau shi ne mafi ƙanƙantar da zai taɓa kasancewa in dai ya ci gaba, don haka ya tsaya a kansa. Ya samu babba guda da ya yarda da shi su je wurin mai kuɗin tare kafin mai kuɗin ya gano da kansa, a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Ya ce in bai da wanda zai raka shi, shi yana nan a masallaci bayan sallar Asuba, kuma ba sai ya ce shi ne mai takardar ba.

Da misalin ƙarfe goma saura kwata aka rufe zaman da addu'a.